Latas Ɗin Da Ba Nawa Ba

Shekara talatin da ɗoriya ina noman latas, amma matata ba ta taɓa sa ganye ɗaya na lambuna a bakinta ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan yanzu da ba ta nan, shi ya sa na sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare na zauna ina fama da biro. Karatuna ba wani mai yawa ba ne. Na yi allo har izu biyu, malam ya gaji da dukan hannuna na hagu, ni ma na gaji, muka rabu lafiya. Boko kuwa da gemuna na tsince shi a ajin yaƙi da jahilci, inda na fi kowa iya gyangyaɗi. Saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri, rubutun bahago ne.

Lambun namu yana bayan wani kwatas na ma'aikata, tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, a lokacin da wajen yake fili ne da 'yan bishiyoyin darbejiya. Waɗanda suka gina kwatas ɗin sun yi wata dabara. Duk ruwan gidajen, na wanka da na wanke-wanke da na bayan gida, bututu ɗaya ke kwashe shi ya kai wani ɗakin inji, daga nan ya zuba a kududdufi uku da aka haƙa a jere, aka daɓe gefensu da siminti. Na farko baƙi ne wuluk, ko kare ba ya tsayawa kusa da shi. Na biyu kore, gansakuka ta rufe shi. Na uku kuwa, in ka leƙa za ka ga fuskarka, ko da yake ni ban taɓa samun wani abin farin ciki a wannan kallon ba. Ruwa yakan yi kwanaki yana tafiya daga wannan zuwa wancan, rana tana dukansa, dattin yana kwanciya. Abin da ya fito daga na uku shi ke gangarowa ta lambatu zuwa fangalinmu, mu bakwai.

Mai kula da injin wani dattijo ne mutumin Kudancin Kaduna. Muna ce masa Injiniya, shi kuma yana amsawa ba kunya, alhali karatunmu da shi kusan kai ɗaya. Amma ya san aikinsa. Kullum da safe zai zagaya da dogon manjagara yana kwashe leda da tsumma daga bakin raga. Shi ya koya mini cewa in ina son sanin lafiyar ruwa in saurari kwaɗi. Muddin kwaɗi suna kuka a kududdufi na uku, in ji shi, ruwan yana da rai. Na ce masa to ni rayuwata duk kwaɗo ce ke nan, wani yana yi mini gadin ruwa, wani kuma ana haɗa shi da ƙuliƙuli a saya a wajena.

A rani, lokacin da ƙasar ko'ina ta tsage, rijiyoyin unguwa suka ja baya, mu namu ruwan ba ya yankewa. Mutanen kwatas ba sa daina wanka don rani ya yi. Latas, alayyahu, kabeji, karas, albasa mai lawashi, duk muna yi. Ban taɓa sayen takin zamani ba, ruwan da takinsa yake zuwa. Da wannan lambun na rufe gidanmu da kwano, da shi na aurar da 'ya'yana mata uku.

Amma uwar 'ya'yan ta ce ita sam.

Ina ce mata Hajiya tun muna da ƙuruciya, don tsokana, kuma har ta koma ga Allah ba ta je ba. Ranar da na fara kawo latas gida, amarya ce ma a lokacin, ta tambaye ni da wane ruwa ake shayar da shi. Ni kuma da bakina da ba ya riƙe magana na kwashe labarin kududdufi uku na gaya mata, har da alfahari. Ta ɗauki ɗaurin da yatsa biyu ta miƙa wa akuyar maƙwabta ta kan katanga.

Daga ranar ta kafa dokoki. Akwai buta ta musamman a soro, butar lambu, da ita zan wanke ƙafa kafin in shiga tsakar gida. Akwai ƙusa a bayan ƙofa inda zan rataye wandon aiki. Akwai wani tsohon baho na ƙarfe da ba a wanke komai a ciki sai wannan wandon. Ita ke wanke shi da hannunta duk bayan kwana biyu, tana yi tana mita, ruwan yana komawa baƙi kamar tawada.

Na yi iya ƙoƙarina. Na je wajen limamin unguwarmu na tambaye shi hukunci, ya ce ana duba ruwa da abu uku, launi da wari da ɗanɗano, in babu wanda ya canja to ruwa ne. Na dawo gida ina tafe ina taƙama kamar ni na rubuta littafin. Na ɗebo ruwan kududdufi na uku a kwalba na ajiye mata a gabanta, na ce ta duba launi, ta shinshina, in ta ga dama ma ni zan ɗanɗana mata.

Ta ce, “Malam, ni ba hukunci na tambaye ka ba. Na san inda ya fito.”

Na ce ai ruwan sama ma in za a bi tarihinsa ba a san inda ya kwana ba.

“Wannan Allah ne ya wanke shi. Naka kuwa kai da abokinka mai manjagara. Ga ruwan bayan gida, ga mai shukar kuma bahago. Abin ya haɗu.”

Na sha yi mata wayo. Sau ɗaya na ba wata mai talla alayyahuna na ce ta shiga gidan ta sayar mata da araha. Ko minti biyar ba a yi ba ta fito da shi. Ashe ɗaurin ne ya tona ni. Kowane mai lambu da kaba yake ɗaure ganye, amma ni murɗina ta hagu yake zagayawa, kuma Hajiya ta san shi kamar yadda ta san tarina. Ta ce wa mai tallan ta gaishe da wanda ya aiko ta, ta gaya masa tuwonsa na nan yana hucewa.

Haka muka tsufa. Abin ya zama wasanmu. Duk ranar da na yanke latas na farko a shekara sai na zaɓi wanda ya fi kowanne kyau na kawo mata, ita kuma sai ta yaba, ta ce kai wannan ya yi kai, sannan ta miƙa wa maƙwabta. Ina dariya. Amma a ƙasan raina ina son ko sau ɗaya in ga tana tauna abin da hannuna ya shuka. Ban taɓa gaya mata haka ba, don namiji irina da ya saba da shaƙiyanci ba ya iya daidaita fuskarsa ya faɗi irin wannan magana.

Lalacewar ruwan ba rana ɗaya ta zo ba. Injiniya ya yi ritaya ya koma garinsu, ba a kawo wani ba. Injin ya tsaya, aka gyara, ya sake tsayawa, sai wata rana muka ga an ɓalle ƙofar ɗakin babu shi a ciki. An sayar wa mutane gidajen kwatas, kowa ya ja katanga ya shiga harkarsa. Unguwa ta cika, masu wankin mota da masu rini da wani mai cajin batir duk suka juyo da kwatarsu cikin bututun. Aka cike kududdufi na biyu da shara aka yi shaguna a kai. Wani ya fasa gefen na farko don kada ya yi ambaliya, ruwa ya samu gajeriyar hanya, yana zuwa mana kai tsaye, da ɗuminsa.

Ba zan iya cewa ga ranar da kwaɗi suka yi shiru ba. Wata safiya dai ina tsugune ina cire ciyawa na ji wajen ya yi mini wani iri, na daɗe kafin in gane abin da babu.

Na sani. Wannan shi ne abin da nake son in rubuta ba tare da na kewaya ba. Na san ruwan ya mutu. Launi ya canja, wari ya canja, ɗanɗano kuwa ko ni mai ƙarfin hali ban gwada ba. Ƙafafuna suka fara ƙaiƙayi suna tsagewa. Amma latas bai taɓa yin kyau kamar lokacin ba, manya-manyan kai, kore shar. 'Yan sari suna zuwa da adaidaita sahu suna kwasa, ana kai wa masu shayi da masu gurasa da gidajen biki. Na ce wa kaina ai kowa yana wankewa da gishiri. Na daina kawo na farkon shekara gida, na ce wa Hajiya na gaji da ciyar da akuyoyin mutane.

A wannan tsakanin ne ciwon suga ya kama ta. Muna da maƙwabciya 'yar Filato, ma'aikaciyar jinya ce a babban asibiti, kowa Sista yake ce mata. Ita ta lura Hajiya tana ramewa tana yawan shan ruwa, ita ta kai ta aka auna. Likita ya ce a rage tuwo da shinkafa, a bar fura mai suga, a yawaita ganye. Hajiya ta yi kwana uku ba ta yi wa kowa magana, saboda ita da tuwon shinkafa tun tana yarinya suke tare.

Rana ta huɗu da hantsi, ina ɗaura wandon aiki a soro, ta kira ni. Tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa, ta rame har zoben hannunta yana juyawa.

Ta ce, “Malam, yau in ka dawo ka taho mini da latas ɗin nan naka.”

Na ɗauka wasa ne. Na ce akuyar wa za a ba?

“Ni zan ci. Tun da ganye aka ce, gara na gida. Shekara talatin kana ci ba ka mutu ba, sai ma ƙarin surutu.”

Na fita. Na tsaya a bakin titi ina kallon motoci, ban san inda zan sa kaina ba. Abin da na jira tun ina da baƙin gashi ga shi ya zo, ya tarar ba ni da abin bayarwa. Sista ta riga ta gaya mini mai irin wannan ciwon ko ƙaramin ciwon ciki yana iya kayar da shi. Na je lambu na tsaya a kan fangali. Wani latas yana gabana, kai guda kamar rawani, ga baƙin ruwa yana tsattsafowa a gindinsa da kumfa.

Sai halin nawa ya motsa. Maimakon in koma in gaya mata gaskiya, na shiga mota a Unguwa Uku na tafi wajen Kura, inda ake ban-ruwa da ruwan dam. Na sayi latas a hannun wani manomi da ya yi ta kallona, don ya gane daga yadda nake juya ganyen cewa ni ma ɗan hannu ne. A hanyar dawowa na tuna da labarin mai talla. Na kwance ɗaurinsa na jefar, na ciro kabata daga aljihu na yi nawa murɗin na hagu. Har murmushi na yi a cikin motar, ina jin babu mai wayona a Kano.

Ta karɓa, ta juya shi a hannu, ta dubi ɗaurin, ta dubi saiwar. Ta wanke, ta yanka, ta sa tumatir da albasa da ɗan ƙuliƙuli kaɗan yadda Sista ta yarda. Na zauna a bakin ƙofa ina kallo. Ta ci a hankali har ta cinye.

Na ce yaya?

Ta ce, “Ashe abin da na hana kaina ke nan.”

Na yi dariya har da buga cinya, sannan na shiga bayi na daɗe ban fito ba.

Wata biyu ina wannan zirga-zirga. Sau biyu a mako in je lambu da sassafe in sallami 'yan sari, in wuce Kura, in dawo da azahar da ɗaurin hagu. Har ƙarya nake ƙarawa da ba a tambaye ni ba, wai wannan daga fangalin gabas ne, wancan kuma tsutsa ta so ta taɓa shi na kore ta.

Wata Laraba bayan la'asar, tana zaune tana tsinke ganyen a faranti, ta ce in matso. Ta ɗaga saiwar da ta yanke ta kaɗa ta a tafin hannunta. Ƙasa ta zubo, ja, mai rairayi.

“Malam, wandonka nawa na wanke a bahon can?”

Na ce ban ƙirga ba.

“Ni ma ban ƙirga ba. Amma ban taɓa ganin jar ƙasa a ciki ba. Ƙasar lambunka baƙa ce, tana kama hannu. Tun ranar farko na gani.”

Na buɗe baki zan ce an kawo mana sabuwar ƙasa ne a tifa. Wallahi har na fara. Ta ɗaga hannu.

“Ka gyara ɗauri, ka manta saiwa. Ban yi fushi ba. Na san ba rowa ce ta hana ka ba, ruwan ne ya lalace. Tun da ka daina kawo na farkon shekara na sani, ga kuma warin da wandon yake yi yanzu.” Ta share hannunta a zani. “Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni. Ni ka tsallake da ni har wani gari. To waɗanda ake kai wa naka kullum da safe, su ba matan wasu ba ne? Ba 'ya'yan wasu ba ne?”

Na zauna ina kallon 'yar jar ƙasar nan a kan siminti, har kaza ta zo ta barbaza ta.

Washegari na je na tuge abin da ya rage a fangalina na tara a gefe. Abokan aikina suka ce tsufa ya taɓa mini kai. Ban yi musu wa'azi ba, don ba ni da bakin yi, kuma na san abin da ke jiran kowannensu a gida. Wani ya karɓi wajen kafin mako ya zagayo. Na koma tsare wa mijin 'yata shagon hatsi a kasuwar Tarauni, inda nakan auna da hagu masu saye suna yi mini kallon ɓarawo.

Amma ban haƙura ba. Na ɗauko bahon wankin wandon, tun da ya rasa aiki, na huda gindinsa da ƙusa. Na cika shi da ƙasa da takin akuya, na ajiye a tsakar gida inda rana ke faɗowa. Na yafa irin latas. Ruwan da muke sha nake ba shi, na 'yan garuwa, safe da yamma, da butar lambu. Hajiya tana kallo daga kan tabarma. Ta ce yau ga manomin da gonarsa za a iya ɗauka a ka. Da tsiron ya fito, ta sa na matso mata da bahon. Ta taɓa ganyen da ɗan yatsa.

Ta ce, “Wannan zan ci. Kada ka ba akuya.”

Latas yana son kamar kwana arba'in. Yana da ganye huɗu wani ciwo da ya fito wa Hajiya a ƙafa ya ƙi warkewa, aka kwantar da ita. Sista ta tsaya mana tsayin daka, ita ke shiga ta fita, ita ke fassara mana abin da likitoci ke faɗi. Kullum in na je dubiya Hajiya sai ta tambaye ni ganye nawa yanzu. In ce shida. In ce takwas. A nan ban ƙara ko ɗaya ba. Ranar da na ce tara ba ta amsa ba, an sa mata roba a hanci, ba ta cin komai ta baki. Bayan kwana biyu, ranar Asabar da hantsi, ta cika.

Cikin kwanakin zaman makoki ban san wa ke ba bahon ruwa ba. Daga baya na ji Sista ce, in ta taso daga aiki. Latas ya yi kai, bai kai na lambu girma ba, amma ya yi. 'Ya'yana suka ce a yanka a yi kwaɗo a raba sadaka. Na ce a bari sai gobe. Goben ta yi ta zuwa. Ya miƙe ya yi tsawo, ya fitar da 'yan furanni rawaya, ganyen ya yi ɗaci yadda ko akuya ba za ta so ba. Da ya bushe na karkaɗe irin a takarda na sa a gwangwanin da Hajiya take ajiye allura.

Kwanaki Sista ta shigo gaishe ni, muna hira take ba ni labari wai a wasu ƙasashen da ba su da ruwa, ana tace ruwan gari sosai a mayar da shi gona, kuma lafiya lau ake ci. Tana faɗa kamar abin da ba zan yarda ba. Na ce mata ai ba sai ta kai ni wata ƙasa ba. Na gani da idona a nan bayan kwatas, na yi shekaru ina ganin fuskata a ciki. Ba wani abu yake so ba illa mutum ɗaya da manjagara, da inji mai tashi, da a bar ruwa ya yi kwanakinsa. Lokacin da nake da abin kirki Hajiya ta ƙi ci, kuma ban ga laifinta ba, don ni ma ban iya bayanin da ya wuce kwalba da rantsuwa ba.

Makon jiya na bi ta wajen lambun. Inda kududdufi na uku yake yanzu gidan sama ne mai baƙin gilashi. A bayansa har yanzu akwai fangali biyu ko uku, kore shar, wani mutum da ban sani ba yana tsaye a cikin baƙin ruwa har idon sawu. Na yi masa sannu da aiki, ya amsa. Ya ce Baba ko za a ɗaura maka na ɗari biyu? Na ce a'a, na gode, ina da nawa a gida.

Bana ma na shuka a bahon. Yau ganye biyar.